AMSOSHIN TAKARDUNKU: Yadda Baƙo Zai Zaga Tsakiyar Birnin Kano Da Ƙafa

Takardar da za mu amsa yau ta fito ne daga wani manomi kuma ɗan kasuwa a wani ƙauye na ƙasar Gumel. Ya ce duk bayan kaka yakan shigo Kano ya sari atamfa da shadda a Kantin Kwari, ya juya gida ran nan, amma bai taɓa ganin fadar Sarki ko Dutsen Dala ba. Bana yana so ya zo da ɗansa mai karatun firamare su gani da idonsu. Tambayarsa ita ce: ana iya zaga waɗannan wurare da ƙafa, ko sai an yi shatar mota? In ana iyawa, ta ina za a fara, kada su ɓata, kada kuma kuɗin jari ya ƙare a hanya?

To, Malam, mun gode da wannan tambaya, kuma amsarta a taƙaice ita ce ana iyawa sarai. Wuraren nan duk suna cikin ganuwa, kusa da juna. In ka haɗa tafiyar gaba ɗaya ba za ta wuce kilomita biyar zuwa shida ba. Kai da kake zuwa gona da sassafe ka dawo da yamma da dami a ka, ai wannan ba abin da zai ba ka tsoro ba ne. Abin da ke ruɗa baƙo a cikin birni ba nisa ba ne, yawan lunguna ne da cunkoson jama'a. Maganin wannan kuwa guda ɗaya ne: ka riƙe Babban Masallacin Juma'a a matsayin cibiyarka. Hasumiyoyinsa biyu da koriyar ƙubbarsa ana hango su daga nesa, kuma duk wanda ka tambaya, yaro ko babba, zai nuna maka hanyarsa. Daga masallacin nan kowane wuri da za mu ambata tafiyar minti goma sha biyar ne zuwa rabin sa'a.

KAFIN KA TASHI

Ka zaɓi rana wadda ba Juma'a ba, don ranar Juma'a tun kafin azahar titunan da ke kewaye da masallaci sukan cika maƙil. Ka fito da wuri, wajen ƙarfe takwas na safe, kafin rana ta yi zafi. Lokacin sanyin hunturu ya fi daɗin tafiya, daga watan Nuwamba zuwa Fabrairu, ga shi kuma ya yi daidai da lokacin da aikin gona ya yi sauƙi. A watannin Maris da Afrilu kuwa zafin Kano ba na wasa ba ne, sai ka riƙe ruwan sha.

Shawara ta biyu, kada ka yi yawon nan da kuɗin sari a aljihun gaba, kada kuma ka yi shi da ƙunshin kaya a ka. Ko dai ka gama sayayyarka ka bar kayan wurin maigidanka na kasuwa, ko ka bar kuɗin a hannun wanda ka amince da shi, ka ɗauki 'yan canji kawai. Duk inda jama'a ta taru ba a rasa 'yan sane, ko a Kano ko a kasuwar ƙauyenku.

Abu na uku, in kana tunanin za ka hau acaɓa, to ka sani gwamnatin jihar ta hana ɗaukar fasinja a babur cikin birnin Kano tun watan Janairu na 2013. Abin hawan da ya maye gurbinsa shi ne babur mai ƙafa uku da ake kira Adaidaita Sahu. In gajiya ta kama yaron sai ku hau, amma ka yi ciniki tun kafin ka zauna, ka kuma faɗa wa direban ba shata kake so ba.

ZANGO NA FARKO: MARINAR ƘOFAR MATA

Tun da Kantin Kwari ka sani, daga nan za mu fara. Ka tambayi Ƙofar Mata, tafiyar 'yan mintoci ce. A wajen ƙofar akwai babban filin Idi inda ake sallar Idi. Ƙofar da za ka gani yanzu ginin zamani ce, amma a nan tsohuwar take, ɗaya daga cikin ƙofofin ganuwar da littafin tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginawa, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134. Sarakunan da suka biyo baya suka yi ta faɗaɗa ta. Kada ka yi mamaki in ba ka ga doguwar ganuwa a nan ba. Ruwan sama ya ci wani sashe, masu ɗibar ƙasa sun ci wani, gine-gine kuma sun hau kan wani. Wannan ma dalili ne da zai sa ka kawo yaron tun yanzu, ya ga abin da ya rage.

Da shigarka ƙofar, kusa ƙwarai, sai marina, wato karofi. An ce tun 1498 ake rini a wannan wuri, ka ga ke nan ya haura shekara 500. Za ka ga ramuka a jere, kowanne zurfinsa ya fi tsayin mutum, an shafe cikinsa don kada ruwa ya tsiyaye. A ciki ake zuba ruwa da toka da busasshen baba, a bar su kwana da kwanaki ana motsawa har shunin ya nuna. Ka sa yaron ya lura da wani abin mamaki: idan marini ya tsoma farin ƙyalle ya ɗago, da farko kore-kore yake fitowa, sai iska ta buge shi sannan ya rikiɗe ya koma shuɗi. Shi ya sa za ka ga suna tsomawa suna ɗagowa, ba sa barin ƙyallen ya kwanta a ciki. Yawan tsomawa shi ke sa launi ya yi duhu. Ko lakar da ke taruwa a gindin ramin ba a zubar da ita. Ita ce katsi, ana ƙona ta a sake amfani da ita, magina kuma na haɗa laso da ita. A kusa za ka ji ƙarar mabuga suna bugun tufa a kan gungume har ta yi ƙyalli.

Wannan sana'a ita ce ta ɗaukaka sunan Kano a da. Wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda tufafin da aka saƙa aka rina a nan suke kaiwa ƙasashe masu nisa. Yau da yawa daga ramukan sun daina aiki saboda yadin kanti da rinin bature sun fi araha. Ka yi wa marinan sallama kafin ka matsa kusa, in kuma za ka ɗauki hoto da wayarka ka nemi izini. Ɗan abin goro ba laifi ba ne.

ZANGO NA BIYU: BABBAN MASALLACI

Daga marina ka bi babban titin da ya shiga cikin gari, ka ba ƙofar baya. A wannan yanki ne Asibitin Murtala yake, wanda tsofaffi ke kira asibitin cikin birni, da kuma Kasuwar Rimi. Yana da kyau ka riƙe wurin a ranka, don mutanen karkara da yawa ba sa sanin Kano sai ranar da rashin lafiya ta kawo su, Allah Ya kiyaye. Ka ci gaba da tafiya kamar minti ashirin, za ka ga hasumiyoyi a gabanka.

Asalin masallacin Juma'ar Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ne, wanda ya yi sarauta daga 1463 zuwa 1499. Ka riƙe sunan nan da kyau, domin kusan duk inda za ka taka yau akwai hannunsa a ciki. A zamaninsa ne babban malamin nan Shehu Magili ya zo Kano daga arewacin Afirka, ya rubuta wa Sarki nasiha a kan yadda ake mulki bisa shari'a. Masallacin na da ginin ƙasa ne, an sha rushewa ana sakewa. Ginin da kake gani yanzu an yi shi ne a zamanin Sarki Abdullahi Bayero, wanda ya yi mulki daga 1926 zuwa 1953.

A wannan masallaci ne aka kai mummunan harin nan na ranar Juma'a 28 ga Nuwamba, 2014, inda mutane fiye da 100 suka rasu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Saboda haka in ka ga jami'an tsaro sun tsayar da kai suna tambaya ko suna duba jaka, kada ranka ya ɓaci, ka ba su haɗin kai. Yanzu dai ka duba wurin ka wuce, za ka dawo nan da azahar.

ZANGO NA UKU: ƘOFAR KUDU DA GIDAN MAKAMA

Doguwar katangar da ke jikin masallacin ta fadar Sarki ce, wadda ake kira Gidan Rumfa, don shi ya gina ta wajen 1479 zuwa 1482. Gida ne mai girman gaske, fili ne da ya kai eka 33, kamar ƙaramin gari a cikin gari. Tun daga lokacin sarakunan Kano a nan suke zaune, na Haɓe da na Fulani da suka zo bayan jihadi, irin su Ibrahim Dabo wanda ya hau a 1819, da marigayi Ado Bayero wanda ya shekara 51 a kan gado, daga 1963 zuwa 2014.

Ka bi titin da ke gefen katangar ka nufi kudu, ka tambayi Ƙofar Kudu. Kamar minti goma sha biyar za ka isa. Ita ce babbar ƙofar fada, an gina ta a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi a ƙarni na 19. A filin da ke gabanta ne mahaya ke yi wa Sarki jafi ranar Hawan Daushe. A watan Disamba na 2024 hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa hawan Sallar Kano cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Sai dai a 'yan shekarun nan an sha dakatar da hawan saboda dalilan tsaro, don haka in don hawa za ka zo, ka saurari sanarwa a rediyo tukuna.

A nan za ka ga dogarai da rigunansu ja da kore. Ka tuna fa fada gidan zama ne, akwai iyali a ciki, ba a shiga kai tsaye. Ka tsaya daga waje ka yi kallo, in kana da tambaya ka gai da dogari da ladabi ka tambaye shi.

Inda aka yi domin baƙo irinka shi ne Gidan Makama, yana tsallaken titi, ba nisa da Ƙofar Kudu. An gina shi ne a ƙarni na 15 domin Rumfa tun yana riƙe da sarautar Makama, kafin ya zama Sarki. Bayan Turawan Ingila sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903, sun yi amfani da gidan na ɗan lokaci a matsayin ofis. Yanzu wani sashensa gidan adana kayan tarihi ne a ƙarƙashin hukumar gwamnatin tarayya. Ana biyan ɗan kuɗin shiga, ka karɓi rasit. A ciki za ka ga ƙyauren tsofaffin ƙofofin gari, da kayan yaƙi, da kayan kiɗa, da taswirar ganuwa, da hotunan sarakuna, da bayanin yaƙin basasar Kano na 1893 zuwa 1895. Kada kuma ka manta ka ɗaga kai ka dubi rufin soraye. Azara ce da ƙasa, an yi ɗaurin guga, babu ƙarfe babu siminti, ga sanyi kamar an yi yayyafi. Duk magini na ƙauye da ya ga wannan zai san sana'arsa ba ƙarama ba ce. Ku ba wurin nan sa'a guda, ya cancanta.

Idan kun fito, ku koma ta inda kuka zo zuwa masallaci. Lokacin azahar ta gabato. Ku yi salla, ku nemi abinci a kusa, ku huta. Sannu ba ta hana zuwa.

ZANGO NA HUƊU: KASUWAR KURMI

Daga masallaci ka nufi arewa, ka tambayi Kurmi. Tafiyar kamar minti goma sha biyar ce zuwa ashirin. Ita ma Rumfa ne ya kafa ta a ƙarni na 15, a gefen rafin Jakara. Kai ɗan kasuwa, nan ne ya kamata ka buɗe ido, domin wannan ita ce uwar kasuwannin Kano. A nan ayarin Azbinawa ke sauke gishirin Bilma, fatake su kawo goron Gwanja, Larabawan Gadamas da Tarabulus su kawo hajar arewa su sayi fata da tufa. Jar fatar akuya da aka jeme a ƙasar Hausa takan ƙetare sahara har ta kai Turai, can kuma a riƙa kiranta fatar Maroko, don ta can ta biyo. Gaskiya kuma ba ta ɓuya, a wannan kasuwa an sayar da bayi kafin a hana cinikin. Turawa sun sake gina kasuwar a farkon mulkinsu.

Me ya sa yau Kwari da Sabon Gari suka fi ta hada-hada? Dalilin shi ne jirgin ƙasa. Da dogo ya iso Kano a 1911, tashar ta zauna a wajen ganuwa, ta gabas. Kaya suka daina zuwa a bayan raƙumi daga arewa, suka koma zuwa daga bakin teku. Kamfanoni suka kafa kantuna kusa da tasha, cinikin gyaɗa ya buɗe, kasuwa ta bi su can. Darasi ne ga kowane ɗan kasuwa: inda hanya ta karkata, can ciniki ke karkata.

Duk da haka Kurmi ba ta mutu ba. Har yanzu nan ake zuwa neman sirdi da linzami da sauran kayan doki, da takalma da jakunkunan fata, da ƙwarya, da turare, da kayan ƙira, da littattafan addini, da magungunan gargajiya. Kowace sana'a da layinta. Lungunan matsattsu ne, mota ba ta shiga, don haka ka riƙe hannun yaron. In wani ya maƙale maka ya ce zai yi maka jagora, ku yi magana a kan ladansa tun farko, ko ka ce masa ka gode. In ka rikice, kada ka tambayi mai wucewa, ka tambayi mai rumfa da ke zaune a kan kayansa. Matambayi ba ya ɓata.

ZANGO NA ƘARSHE: DUTSEN DALA

Daga Kurmi Dala tana arewa maso yamma, tafiyar da ba ta kai rabin sa'a ba, ta cikin unguwanni. Za ka riƙa hango dutsen ta saman gidaje. Ka yi ƙoƙari ku isa bayan la'asar, rana ta yi sanyi. Tsayinsa mita 534 ne in an auna daga doron teku, ba daga gindinsa ba, don haka kada lissafin ya razana ka. Akwai matakala, mai lafiya zai hau cikin 'yan mintoci. Amma dattijo mai ciwon gwiwa ko mai hawan jini ya hau a hankali yana hutawa, ko ya tsaya daga ƙasa.

A nan Kano ta fara. Masu binciken kayan tarihi sun gano alamun narkar da tama a gindin dutsen tun wajen ƙarni na 7. Tarihin Kano ya ba da labarin Barbushe, shugaban mutanen Dala, mai kula da abin bautarsu Tsumburbura, tun kafin Bagauda ya zama Sarki a shekara ta 999. Musulunci kuwa ya kafu a fada ne a zamanin Sarki Yaji, 1349 zuwa 1385, da zuwan Wangarawa daga ƙasar Mali.

In kun kai sama, ka juya kudu maso gabas ka nemo hasumiyoyin masallaci, ka nuna wa yaron duk hanyar da kuka biyo. Ta yamma ga Goron Dutse. Ka lura kuma yadda zaizayar ƙasa ke cin gefen dutsen, gidaje na matsowa jikinsa. Kada ku matsa bakin gaɓa, kada kuma ku kai magariba a sama. Da kun sauko, ku hau Adaidaita Sahu zuwa Kwari ko tashar motarku. Wannan ne kaɗai kuɗin mota da ya zama dole a yinin.

Idan lokaci bai ishe ka ba, raba tafiyar biyu: marina da masallaci da Gidan Makama a zuwa ɗaya, Kurmi da Dala a wani zuwan. Mata ma za su iya bin wannan hanya, sai dai su tafi da abokiyar tafiya, da lulluɓi kamar yadda aka saba a cikin gari. Masu zuwa daga Damagaram ko Maraɗi kuwa su riƙe takardar shaidarsu a jiki.

To, Malam, da fatan mun share maka hawaye. Hausawa na cewa gani ya kori ji. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo da ku lafiya, Ya sa albarka a kasuwa da gona, Ya raya mana yaron. Sauran masu saurare, ku ci gaba da aiko mana da tambayoyinku, a rubuta su gajeru kuma a fili. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu. Mu huta lafiya.